Manjo Ya Ba Ni Kujera, Amma Da Igiya A Ƙafarta

Mama Wanza, ki taimake ni kafin bakina ya kai ni gadurum.

Tun jiya ban zauna wuri ɗaya ba. A tsaye na ci ugali, tuwon masarar nan, a tsaye na sha shayi, na sa riga a bai-bai har Kofur Barasa ya tambaye ni ko albishir ɗin tagwaye aka yi mini. Murna tana cina, haushi yana cin murnar, ni kuma ina tsakiya ina zufa. An ba ni zuwa Litinin in ba da amsa, Begila, jaridar barikinmu, kuwa Asabar take fitowa. Don Allah ki sa wasiƙata a filinki na ba da shawara a wannan makon. Masu ciwon soyayya su jira, ba mutuwa suke yi ba, kowace Asabar suna nan.

Ba sai na ɓoye miki ko ni wane ne ba, duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan kicin ranar Asabar ya san muryata. Ni ne mai karanta wa sojojin kamfanin B jarida. Ke kin san yadda ake yi, amma matan kwatas da ke bin filinki wataƙila ba su sani ba. Kwafi uku na Begila ake kawo wa kamfaninmu. Biyu su shige ofis, ba a sake ganinsu sai an zo naɗe wani abu. Ɗaya ta rage wa maza fiye da ɗari. To bayan an gama duba ɗakuna, kowa ya ɗauko takalmansa da burushi, a baje ƙarƙashin mangwaro, hannu duk baƙin mai, ba wanda ya isa ya taɓa takarda. Sai mutum ɗaya ya hau tsohuwar tayar mota ya karanta wa kowa, daga shafin farko har na ƙarshe, yana juya Turancin zuwa Swahili nan take don kada a bar kowa a baya. Shekara biyu ke nan tayar nan tawa ce.

Kuma Mama, ki san wa ke tsaye a kanta. Ni ɗan makiyaya ne. Damina ina aji, rani ina bayan awaki, haka na yi makarantar. Takardar da na shiga soja da ita, Allah kaɗai ya san yadda na haye. Ranar da na zo bariki, in aka ba ni shafi guda sai na yi gumi kamar an ce in ɗauki buhu biyu. A kantin na koyi karatu, da tsofaffin Begila da ake naɗe mana mandazi, fanken nan mai mai. Mai ya jiƙa takardar har kana ganin rubutun baya ta gaba, ni kuwa ina bi da yatsa, ina tare duk wanda ya shigo ina tambayarsa wannan fa, wannan fa, har aka fara canza hanya in an hango ni. Da albashina na farko na sayi ƙamus a bakin tasha. Sai da na dawo na ga daga D ya fara, an cinye farkonsa. Har yau duk kalmar da ta fara da A ko B ko C, da ka nake kamo ta. Makaranta ta ba ni takarda, Begila ce ta ba ni karatu. Shi ya sa duk wanda ya taɓa jaridar nan, uwata ya taɓa.

Kin tuna maganar takalma? Ni ba zan manta ba har kabari. Aka raba mana sabbin but, muna ta ɗagawa. Ruwan farko da ya sauka, sai ga su sun buɗe baki kamar tarwaɗa. Maza suna fareti ƙafa tana tafi. Wani ya ɗaure nasa da waya, wani ya ƙarar da gam ɗin kantin. Muka kai kuka ga saja, saja ya kai ga samanja, samanja ya kai ga kyaftin, kukan ya hau sama bai dawo ba. Sai ga editanku, Mzee Okoiti, da ɗingishinsa da kyamararsa. Ya sa muka jera takalman a kan baranda, kowanne baki a hangame, ya ɗauka. Ranar Asabar ga su a shafin farko. Mama! Da na ɗaga hoton nan sama, maza suka hau dukan gwangwani da burushi har kuku ya fito da ludayi ya ɗauka tawaye ake yi. Barasa yana ihu, "Ga nawa can, na uku daga hagu, ku gaishe shi, ya shiga jarida kafin ni!" Kafin wata ya ƙare aka sauke mana wasu takalman, na gaske. Takarda ta yi abin da saja da samanja da kyaftin suka kasa.

Ni ma fa ba a banza nake kan tayar nan ba, na san aikin. Na san inda zan ja murya, na san inda zan tsaya a yi dariya, na san abin da maza ke son ji da abin da zai kashe musu Asabar. Misali, bayan mako biyu kuka sa wani ɗan gyara a ƙasan shafi na biyu, wai Saja Mutinda na sito ba shi da laifi a maganar takalman, wai kaza wai kaza. Na kalle shi, na yi tari, na juya shafi. Wa ke da lokacinsa? Mutumin da ya hana ni bargo na biyu a watan sanyi, yana ce mini ɗan daji bai san sanyi ba! Har yau Saja Gam muke kiransa, in ya wuce a buga gwangwani. Ya sha.

To ana nan sai aka kawo sabon Manjo ofishin hulɗa da jama'a. Ba zan faɗi sunansa ba, ƙamshin turarensa ya riga ya faɗa. Jan biro ne a aljihunsa kullum, kamar malamin firamare. Satinsa na biyu ya shiga ofishin Begila. Ina ciki ranar, na kai sakamakon ƙwallon kamfaninmu kamar yadda na saba. Ya ce jaridar nan tana shanya wa soja ƙazamin kaki a bakin titi, abokan gaba ma suna karatu, don haka daga yau kowane shafi ya biyo ta teburinsa kafin ya tafi maɗaba'a. Mzee bai ko tashi ba. Ya nuna masa takardar nan da ke cikin gilashi a bango, wadda kwamandan da ya kafa jaridar ya sa wa hannu tun ba a haife ni ba. Kin san abin da ta ce: da kuɗin sojoji ake buga Begila, ofisan tsaro yana da ikon cire wuri da rana da adadin mutane da makamai, bayan wannan ba ofisan da zai sa mata biro. Mzee ya ce, "Afande, ranka ya daɗe, lokacin da nake samanja, da ka ce in yi tsalle sai dai in tambaye ka sau nawa. Yanzu farar hula ce a kaina. Ranar Asabar za ka samu kwafinka da zafinsa, kamar kowa." Wallahi sai da na cije leɓe don kada in yi guɗa. Namiji da guɗa!

Manjo bai haƙura ba, ya bi ta bayan gida. Da Mzee ya rubuta labarin ruwan kwatas, yadda famfo ya ƙafe matan aure suna sayen ruwa wurin masu jakuna, sai ga ofisan tsaro ya hana, wai labarin ya nuna inda tankin ruwan bariki yake. Tankin da direbobin matatu, motocin haya, ke kwatance da shi! Tankin da makaho ma ya san inda yake! Mzee ya bi doka, ya cire labarin, ya kai ƙara ga kwamitin amintattu da ke kula da jaridar. Amma bai cike gurbin da komai ba. Rabin shafi na uku fari fat.

Ranar Asabar da na iso wurin, na ɗaga shafin na juya shi kowa ya gani. Sannan na yi shiru. Na tsaya a kan taya, baki a rufe, ido a kan farar takarda, ina bi da yatsa layi-layi kamar ina karatu. Da farko aka yi dariya. Sai dariyar ta mutu. Burushi ya tsaya. Ba ka jin komai sai tukunya a kicin. Na daɗe a haka, daidai tsawon da labarin zai ci. Da na kai ƙasa na ce, "Nan ya ƙare." Wani tsohon kofur da matarsa ke kwatas ya ce, "Karanta mana kuma, ban ji tsakiyar ba." Mama, tsikar jikina har yanzu tashi take yi. Ban taɓa karatu mai daɗin wannan ba.

Jiya aka ce Manjo yana nemana. Na ce shi ke nan, na yi ban kwana da abokai, na bar wa Barasa wasiyyar reza da sabulu. Na shiga na ƙame. Sai ya ce in zauna. Ya sa aka kawo mini shayi a kofi mai faranti, ni da na saba da gwangwani. Ya ce ya ji labarina, ya ce irina ba a barinsu suna goge takalmi. Ya ce kujerar nan ta soja mai taimakon edita a Begila ta daɗe ba kowa, kuma ofishinsa ne ke tura mutum. Ya ce akwai kos na aikin jarida a Nairobi, akwai igiya ɗaya a hannun riga. Mama, kunnena ya toshe. Ni! Ni da na koyi karatu a takardar mandazi, in zauna kusa da Mzee, in ga sunana a ƙasan labari, baƙi a kan fari, wani ya hau taya ya karanta abin da na rubuta! Na kusa kifar da shayin.

Sai ya sassauta murya. Ya ce abu ɗaya ne ƙarami. Duk Alhamis, kafin shafuka su tafi maɗaba'a, in ɗauke su a waya in tura masa. In kuma na ga masu shigowa suna raɗa wa Mzee labari, in riƙa sanar da shi. "Tsakanina da kai ne, kijana, yarona. Tsohon nan ba sai ya sani ba, hawan jini gare shi." Na ce, "Afande, a ba ni lokaci." Ban san daga ina wannan hankalin ya zo mini ba, don abin da ke kan harshena daban ne.

Ga wani abu kuma. Kamfaninmu ne ke da zuwa bakin iyaka a wannan karon.

(A nan na cire layi biyu daga wasiƙar. Dalilin yana cikin amsata. Mama Wanza.)

In na karɓi kujerar, su tafi ni in zauna. Barasa har ya fara: "Ranka ya daɗe edita, in an harbe ni ka rubuta sunana daidai, S ɗaya ce." Wasa yake, amma ya shige ni.

Hanya biyu nake gani, kowacce in na tuna ta sai jinina ya tafasa don daɗi. Ta farko, in karɓa, in ce masa to Afande, sannan duk Alhamis in tura masa shafin ƙwallo da na girke-girke, in ce sauran ba su kammala ba. Ya ci kansa, ni in ci kos. Ta biyu, in jira ranar Litinin a gaban ofishinsa lokacin da mutane suka cika, in gaya masa da ƙarfi cewa uwata ba ta haifi ɗan leƙen asiri ba, ya riƙe kujerarsa ya zauna a kai da kansa. A kai ni gadurum, a kai ni, maza za su rera sunana. Amma in na kwanta sai wata murya ta uku ta ce, kai wawa, wa ya san ka? Ka karɓa kawai ka yi abin da ya ce, hoto ne fa, ba kisa ba, irin wannan ƙofar sau ɗaya take buɗe wa ɗan makiyaya. Wannan muryar ita nake tsoro, don ta fi sauran iya magana.

Ina son kujerar nan, Mama. Ina son ta kamar ruwa a watan fari. Ki gaya mini yadda zan zauna a kanta ba tare da na kasa kallon Mzee a ido ba. Kuma ki buga wasiƙar yadda take, kada ki sa mata suga.

Naki,
Mai Karatun Asabar, Kamfanin B


Ɗana Mai Karatu,

Zauna tukuna, ka sha ruwa. Na yi aikin jinya a asibitin barikin nan har na yi ritaya, na ga samari da yawa da zazzaɓi irin naka, kuma naka mai kyau ne. Yaron da ya koya wa kansa karatu da takardar mandazi ya cancanci kujerar nan. Ban ce don in faranta maka ba, wasiƙarka ce shaida. Ka iya ba da labari, har Mzee ya yi dariya a wurin tarwaɗa.

Masu karatu su sani: na kira yaron nan na gaya masa cewa in aka buga wannan, ba sauran ɓuya, kuma kujerar tana iya tafiya. Na ba shi kwana ya yi tunani. Ya ce a buga. Takardar da ke bango ta hana a hukunta soja don ya rubuto wa wannan fili, amma na gaya masa takarda ba ta hana harara.

Yanzu layi biyun da na cire. Cikin zumuɗi ka rubuta ranar da kamfaninku zai tashi da hanyar da za ku bi. Da ban cire ba, ofisan tsaro zai cire, kuma da gaskiyarsa. Ka tsaya ka kalli wannan da kyau. Kai da kake ƙaunar Barasa, kai ne ka kusa sanar da duniya inda motarsa za ta wuce. Na kira Manjo na shaida masa akwai wasiƙa a kansa. Ban karanta masa ba, zai gani yau tare da kowa, kuma filin nan a buɗe yake gare shi in yana da amsa. Abu ɗaya ya gaya mini, ya yarda in faɗa: lokacin da yake laftana ya rasa mutane a kan hanya, saboda wani ya sa hoton ban kwana a waya da kwanan wata a jiki. Shi ya kai wa iyayensu labari. Mutumin da ya yi wannan aikin, in ya ga takarda sai ya ga jini. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa, har ya kasa bambanta hanyar mota da famfon kwatas.

Amma ka lura da yadda na yi. Na cire, na gaya maka, na gaya wa masu karatu, na bar alama a wurin, na faɗi dalili. Abin da Manjo ya nema a wurinka ba haka yake ba. Ya nemi ido a ɓoye. Mafi muni, ya nemi sunayen masu kawo labari. Ban san wanda ya kawo wa Mzee maganar ruwa ba, ba na kuma son in sani. Wataƙila matar wani farabiti ce da ta gaji da ɗaukar jarka da goyo a baya. Ranar da sunanta ya isa ofis ta hannunka, daga ranar ba wanda zai sake taka ƙofar Begila, sai ku koma karanta hotunan manya suna yanka kyalle. Soja ba ya yajin aiki, ba ya zanga-zanga, ba ya ce wa na gaba da shi a'a. Jaridar nan ce kaɗai inda ƙaramin soja ke magana babba ya ji. Kwamandan da ya kafa ta ba don tausayi ya yi ba. Ya san in ƙasa ta yi shiru, sama makancewa take yi, kuma gara ya ga takalmi ya buɗe baki a shafin farko da ya gani a bakin daga. Don haka muryar nan ta uku, ka ce mata ta kwana lafiya.

Sauran biyun ma ban saya ba. In ka karɓa da niyyar yaudara, ka fara aikin gaskiya da ƙarya, kuma Manjo ba yaro ba ne, kafin wata biyu zai gane, ka rasa kujera ka rasa igiya, Mzee kuma ya ji cewa da sharaɗi ka shigo masa. Ihun gaban ofis kuwa, daɗinsa na minti biyar ne. Maza za su rera sunanka har zuwa abincin rana, kai kana gadurum, Manjo kuma ya samu hujjar da yake nema cewa Begila tana koya wa yara rashin ɗa'a. Kada ka ba shi wannan kyautar.

Ga abin da za ka yi. Ranar Litinin ka je da kaki a goge, ka ƙame, ka gode masa da gaske, don shi ne ofisa na farko da ya ga abin da ke cikinka. Ka ce kana son aikin, za ka kiyaye dokar tsaro fiye da kowa, tunda ka ga yadda hannunka ya zame. Ka ce ba za ka iya kai shafi a ɓoye ba, ba za ka iya kawo suna ba. In yana ganin dokar bango ta tsufa, kwamitin amintattu zai zauna kan maganar tanki, ya kai hujjarsa can a fili. Ka faɗa a hankali, sau ɗaya, ka yi shiru. Ka iya shiru, ka nuna mana. Daga nan ka wuce wurin Mzee ka nemi aikin ta ƙofar gaba. Ofishin Manjo ne ke turawa, amma Mzee yana da bakin cewa ga wanda yake so, kwamiti kuma yana ji.

Ba zan rufe ka ba, yana yiwuwa kujerar ta wuce ka a wannan karon, ka hau mota tare da kamfaninku. In haka ta faru, ka tafi da biro. Mzee ya ce in gaya maka yana neman mai aiko masa da labarin rayuwar maza a can, abin da suke ci, abin da ke ba su dariya, abin da ya ƙare a sito, ba wuri ba rana. Sunanka zai fito a ƙasa, baƙi a kan fari, ba igiyar kowa a ƙafarsa.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce babba. Ka ce duk wanda ya taɓa Begila uwarka ya taɓa. To kai ka taɓa ta. Jaridar nan ta yi kuskure a kan Saja Mutinda, ta gane, ta gyara a fili, wanda shi ne abu mafi wuya a aikin nan. Kai kuma ka yi tari ka juya shafi. Maza fiye da ɗari ba su da wata Begila sai bakinka. Abin da ka tsallake, a wurinsu ba a buga shi ba. Manjo yana neman ya sa wa Begila jan biro bai samu ba, kai kana da shi a maƙogwaro kana amfani da shi saboda bargo. Mzee da ya cire labari ya bar fari don kowa ya san an cire. Kai ko farin ba ka bari ba. Ina ganin matar Mutinda a coci. Yaransu ma 'ya'yan Gam ake kiransu a makarantar bariki. Ban faɗa don in kunyata ka ba, na san ba ka hango nan ba. Amma wanda zai hana a yanke gaskiyar da take masa daɗi, dole ya karanta wadda ba ta masa daɗi.

Na san kai ne a kan taya yanzu kana karanta wannan, don haka na sa gyaran a nan tsakiyar amsata, inda ba shafin juyawa. Ɗaga murya:

Saja Mutinda na sito bai amince da takalman nan ba. Tun ranar da aka sauke su ya duba, ya ce ba su da kyau, ya rubuta wa na gaba da shi har sau biyu a mayar da su. Umarni aka ba shi ya raba. Begila ta yi kuskure da ta ɗora masa laifi, tana ba shi haƙuri shi da iyalinsa.

Kofur Barasa, in ka ji tari a wurin nan, ka goge hannunka ka karɓi jaridar. In kuwa ya karanta har ƙarshe da Swahili mai kyau, ku buga masa gwangwani, sannan wani ya je sito ya kira Saja da sunan da ubansa ya raɗa masa.

Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya sanyaya harshen ya bar wutar. Ko kujera ko mota, ina jiran ranar da zan ga sunanka a ƙasan labari. Ku kuma 'yan kamfanin B, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku cif, kowa da ƙafarsa a cikin takalminsa.

Taku,
Mama Wanza